Wane Littafin Ayyukan Tarihi Zai Dace da Karatun Gida na Mako Shida?

Kafin ku buɗe kowane littafi, ku ɗauki biro ku lissafa lokacin da ke hannunku. Dogon hutu a baki yake da tsawo. Idan aka cire tafiye-tafiye, da zuwan baƙi, da ranakun da yaro zai tashi ba ya son a ce masa komai, abin da zai saura da wuya ya wuce mako shida. A ce ana zama sau uku a mako, kowane zama awa ɗaya da rabi. Zama 18 ke nan, awa 27. Aikin hannu na kirki kuwa ba ya ƙarewa a zama ɗaya: ranar farko a karanta labari a haɗa kaya, ta biyu a gina, ta uku a yi fenti bayan abin ya bushe, a kuma tattauna abin da aka gani. Ku raba 18 gida uku, kun sami ayyuka shida. Idan wasu ƙanana ne, su kai takwas.

Saboda haka littafin da aka rubuta a bangonsa cewa yana ɗauke da ayyuka hamsin bai fi mai goma sha biyar ba a wurinku. Ba za ku taɓa ko kashi ɗaya cikin biyar na abin da ke cikinsa ba. Abin nema shi ne ko akwai shida masu nauyi a ciki, kuma ko shidan nan suna da alaƙa da juna.

Yadda ake gane aiki mai nauyi

Tambaya ɗaya ce ke rarrabe su: bayan yaro ya gama, me ya sani wanda kallon hoto ba zai sanar da shi ba?

Ku ɗauki rubutun mutanen Mesofotamiya, yankin Iraƙi ta yau, wanda aka fara kusan shekara ta 3200 kafin miladiyya. Wani littafin zai ce a murza yumɓu, a ɗauki tsinke a zana alamomi. Yaro zai ja tsinken kamar fensir, yumɓun ya yi ta tattaruwa a gefen layi, a tashi da wani abu mai kama da tonon kaji. Littafin da marubucinsa ya taɓa yin aikin da hannunsa zai ce a samo sanda mai kusurwa huɗu, a riƙe ta a karkace, a danna kusurwar cikin yumɓu a ɗaga, kada a ja. Nan take sai ga alama mai faɗin kai da siririn jela, irin wadda ke kan allunan gaske. Yaron da ya danna sau ashirin ya gane da kansa dalilin da ya sa wannan rubutu ba shi da lanƙwasa: kayan rubutun ne suka tilasta masa wannan siffa. Wannan darasin tarihi ne, kuma yatsunsa ne suka koya masa. Aikin farko kuwa wasan laka ne da aka laƙaba wa sunan Sumer, ƙasar da rubutun ya fara.

Haka nan takardar Misirawa. Kusan kowane littafi yana da kwaikwayonta: a yanka takarda mai kauri falle-falle, a tsoma cikin gam da aka sirka da ruwa, a jera sahu ɗaya a tsaye, ɗaya a kwance. Babu laifi. Amma ku duba ko littafin ya gaya wa yaro gaskiya, cewa ta ainihi daga ɓargon wani tsiro na bakin Kogin Nilu ake yinta, kuma ruwan jikin tsiron ne ke manne sahun biyu idan aka danne su. Littafin da ke bambanta abin da ake kwaikwaya da abin da ya faru ya cancanci a amince da sauran shafukansa.

Da wannan ma'auni za mu bi nau'o'in littattafan da aka fi samu.

Littafin daula ɗaya

Wannan shi ne wanda ya tsaya kan Misira ta dā kaɗai, ko Rum, ko Sin, ko daular Mali. Yawanci kowane babi yana da bayani na shafi biyu zuwa huɗu, sai aiki ɗaya ko biyu. Ga karatun mako shida, a ganinmu shi ne ya fi kowanne dacewa, kuma dalilin a bayyane yake: labarin da aikin suna cikin bango ɗaya, ba sai kun nemo wani littafin ba, kuma ayyukan suna hawa kan juna. Yaron da ya yi jigo na ɗiban ruwa da sanda da dunƙulen laka a mako na farko zai fi fahimtar dalilin da ya sa ambaliyar Nilu ta zama ginshiƙin rayuwa idan aka zo maganar noma da haraji a mako na uku.

Rauninsa biyu ne. Na farko, yaro zai iya fita da tunanin cewa duniya duka Misira ce a wancan zamani. Maganin wannan mai sauƙi ne, za mu zo kansa. Na biyu, marubucin yana bukatar cika shafuka, don haka a cikin ayyuka ashirin za ku tarar kusan rabi kwalliya ce: abin wuya na kwali, hular sarki, akwatin da aka shafe da fenti ruwan zinariya. Ba haramun ba ne yaro ya yi ɗaya don nishaɗi, amma kada su cinye zama uku-uku.

Akwai aikin da ya kamata ku lura da shi musamman a littattafan Misira, wato busar da gawa. Misirawa suna rufe jiki da wani gishiri dangin kanwa da ake kwasowa daga busassun tafkuna irin na Wadi Natrun, na kimanin kwana 40, aikin duka kuma yana cin kwana 70. Wasu littattafan suna cewa a gwada da kaza guda. Wannan yana ɗaukar mako huɗu zuwa shida, ana canza gishiri sau da dama, ga wari, ga haɗarin ƙwayoyin cuta na ɗanyen nama a hannun yara. Wankin hula ne da zai kai ku dare. Littafin da ya ba da zaɓin tuffa ya fi sanin halin gida: a raba tuffa huɗu, a auna nauyin kowane yanki a rubuta, a binne ɗaya cikin gishiri zalla, ɗaya cikin bekin soda, ɗaya cikin haɗin biyun daidai wa daida, na huɗu a bar shi a fili. Bayan kwana bakwai a tono, a share, a sake aunawa. Yankin da aka bari a fili shi ne zuciyar gwajin, domin ba tare da shi ba babu abin kwatantawa. Idan littafi ya manta da shi, ku ƙara da kanku.

Littafin rakiya

Wasu manhajojin karatun gida suna zuwa da littattafai biyu: na labari, da na ayyuka da ke binsa babi-babi. Na ayyukan yakan yi kauri, cike da taswirori, tambayoyin bita, shafukan fenti, jerin littattafan ƙarin karatu, da ayyukan hannu uku ko huɗu a kowane babi. Iyaye kan ga kaurinsa su ɗauka sun sami komai a wuri ɗaya.

Matsalar ita ce an tsara shi don shekarar karatu ta kusan mako 36, kuma ba ya tsayuwa da ƙafarsa. Tambayoyinsa suna nuni ga shafukan ɗaya littafin, taswirarsa tana cewa a ja layi daga garin da aka ambata a labarin da ba ku da shi. Idan kuna da littafin labarin a gida, kuma za ku ci gaba da manhajar bayan hutu, to ku zaɓi babi shida a jere da suka shafi yanki ɗaya ku tsaya a kansu. Idan ba ku da shi, kada ku sayi na rakiyar shi kaɗai. Kuskuren da ya fi yawa a nan shi ne ƙoƙarin gudu da babi arba'in cikin mako shida, yau Babila, gobe Girka, jibi Indiya. Yaro zai tuna ya yi fenti da yawa, amma ya kasa gaya muku wa ya riga wa.

Littafin yanka da mannawa

Nan ne ake samun gidaje da jiragen ruwa na takarda, taswirar da ake naɗewa, 'yan littattafai masu buɗe-rufe da ake mannawa cikin fayil. Kayan aikinsa almakashi ne da gam da fensir mai launi, ba ya ɓata gida, ba a jiran bushewa. Wannan ba ƙaramin alheri ba ne ga uwar da ke da jariri a hannu, ko iyalin da za su yi rabin hutun a hanya. Da babu gara ba daɗi.

Amma ku san abin da kuke saya. Yawancin lokacin yana tafiya ne a yanka, ba a tunani ba. Yaro ɗan shekara shida ba zai iya bin ƙananan kusurwoyi da almakashi ba, sai a ƙare babba ne ke yankawa yaro yana kallo. Kuma littafi ne na amfani sau ɗaya: idan yara uku ne, ko dai ku sayi uku, ko ku duba shafin farko ko mawallafi ya yarda a yi kwafi don amfanin gida ɗaya. Wasu sun yarda, wasu ba su yarda ba.

Idan kwafin intanet kuka saya don bugawa da kanku, ga wani tarko. Littattafan Amurka an tsara su ne a kan takarda mai faɗin santimita 21.6 da tsawon 27.9, alhali A4 tana da 21 da 29.7. Idan aka bar na'ura ta daidaita shafi da kanta, za ta iya rage wani shafin ta bar wani, sai rufin gida ya ƙi hawa kan bangonsa. Ku buga dukkan shafukan aiki ɗaya a ma'auni guda, kuma a kan takarda mai kauri kamar giram 160 zuwa 200 a kowace murabba'in mita. Takardar ofis ta giram 80 tana laushi da gam ya taɓa ta.

Littafin ƙirƙire-ƙirƙiren mutanen dā

Wannan ba ya bin daula, yana bin dabara: yadda aka yi takarda, agogon rana, injin jifa, ginin baka, ɗab'i. Ga yaro ɗan shekara tara zuwa sama mai son kwance abu ya ga cikinsa, babu kamarsa, kuma a nan ne ayyukan da suka fi cin gwajin da muka ambata suke taruwa. Yana da kyau mu tsaya a kan guda biyu, domin su ne za su nuna muku ko marubucin ya gwada abin da ya rubuta.

Na farko, ginin baka irin na Rumawa. Rabin da'ira digiri 180 ne. Idan aka raba shi tara, kowane bulo zai zama mai siffar ƙusa da kusurwar digiri 20. Dole adadin ya zama mara, bakwai ko tara ko sha ɗaya, domin a sami bulo guda a tsakiyar sama wanda zai kulle sauran. Ana yanka su daga yumɓu ko soso mai tauri, a jera su daga gefe biyu a kan wani tallafi mai siffar rabin da'ira, kamar gwangwanin da aka kwantar, a sa na tsakiya a ƙarshe, sannan a zare gwangwanin a hankali. Karo na farko kusan kullum rushewa yake yi. Ba daga sama yake faɗuwa ba, ƙafafun ne ke zamewa waje, domin nauyin baka yana tura gefe. Da an jingina littafi mai nauyi a kowace ƙafa sai ya tsaya, har ya ɗauki kofi a kansa. Littafin kirki zai faɗi wannan tun kafin ya faru, ya kuma nuna hoton gada irin ta Pont du Gard a Faransa don yaro ya ga kaurin ginshiƙanta ya gane dalili. Littafin banza zai ce a manne bulullukan da gam. Da an sa gam, darasin ya mutu, domin abin mamakin shi ne tsayuwarsa ba tare da komai ya riƙe shi ba.

Na biyu, yin takarda. Tarihin Sin yana danganta kyautata ta ga Cai Lun a shekara ta 105 miladiyya, da ɓawon itace da tsummoki da tsofaffin kalli na kamun kifi. A gida ana yayyaga tsohuwar takarda, a jiƙa ta kwana, a markaɗa hannu ɗaya cikin bilenda da ruwa mai yawa, a zuba cikin baho mai faɗi, a nutsa firam mai raga a ɗago a kwance. Abin da ke lalacewa: idan ɓarzajjen ya yi kauri, kwali za a samu mai tudu da kwari, idan ba a matse ruwan da soso ba, fallen zai yage wajen cirewa, idan aka shanya a rana kai tsaye, zai nannaɗe. Ku duba ko littafin ya ba da adadin ruwa da takarda, ko kuwa cewa ya yi kawai a haɗa har ya yi daidai. Wannan kalma ta "daidai" ita ce alamar marubucin da bai jiƙa hannunsa ba.

Raunin wannan nau'i shi ne mutane kan ɓace a cikinsa. Yaro zai san yadda ake juya harafi kafin a buga shi, amma bai san wane ne ke karatu a zamanin ba, ko me ya canza bayan Gutenberg ya fara ɗab'i da haruffan ƙarfe a Mainz ta Jamus wajen shekara ta 1450, ko cewa Bi Sheng ya riga shi da haruffan yumɓu a Sin da kusan shekara 400. Wani lokacin ma injin da aka ce a haɗa ba shi ne na tarihin ba. Ɗan injin jifa na tsinkayen katako da roba ba ya aiki irin na tsakiyar zamani mai jifa da faɗuwar nauyi, ba kuma irin na Rumawa mai murɗaɗɗiyar igiya ba. Idan wannan nau'in kuka zaɓa, ku haɗa shi da littafin labari ko da ƙarami ne.

Littafin bincike da tono

Shi ne mafi ƙarancin yawa a kasuwa, kuma shi ne ya fi kusa da aikin masana tarihi na gaske. Yana ba yaro hoton tsohon tsabar kuɗi, ko guntun wasiƙa, ko taswira, ya ce: me ka gani, me kake zato, me ya sa? Ga ɗan shekara goma sha biyu zuwa sama wanda ya fara jin kunyar fenti da gam, wannan ne zai riƙe shi. Ga ƙananan yara kuwa ya yi nauyi, sai dai ɓangaren tono.

A tonon ma akwai bambanci. Wasu suna cewa a binne kaya cikin dunƙulen filasta, wato farin garin nan da ke daskarewa idan aka kwaɓa shi da ruwa, yaro ya fasa da guduma. Wannan farautar taska ce, kuma akasin abin da masu tonon kayan tarihi ke yi. Wanda ya fi shi ne akwatin roba mai nuna ciki, da sahu uku na ƙasa masu launi daban-daban, kowane sahu kaurin santimita biyar, da kaya na daban a kowanne. A ɗaura zare a sama a raba fili gida shida, a tona da cokali da burushi, duk abin da ya fito a zana shi a rubuta gidansa da sahunsa kafin a ɗaga. Daga nan yaro ke koyon ƙa'idar cewa na ƙasa ya riga na sama, da kuma cewa abin da aka cire daga wurinsa ba tare da rubutu ba ya yi asarar rabin labarinsa.

Tun da an ambaci filasta, ga gargaɗin da dole littafi ya ɗauka. Garin filasta yana zafi idan yana daskarewa, kuma an samu ƙuna mai tsanani ga waɗanda suka nutsa hannu a ciki suka bar shi ya kama. Kada hannu ko ƙafar yaro ta shiga cikinsa don yin zubi. Ana zuba garin cikin ruwa ne, ba ruwa cikin gari ba, kusan awo biyu na gari ga awo ɗaya na ruwa, kuma ragowar ba a zuba ta a magudanar wanke-wanke domin za ta daskare ta toshe bututu. Littafin da ke da aikin filasta bai faɗi ko ɗaya daga cikin waɗannan ba, ku ajiye shi.

Minti goma da littafi a hannu

Ko a kanti ne ko a samfurin shafuka na intanet, ku fara da jerin kayan aiki na ayyuka uku da kuka buɗe ba tare da zaɓe ba. Idan kowanne yana bukatar abin da sai an yi oda, hutun zai ƙare kuna jira. Mafi kyau shi ne littafin da ke juya kaya kaɗan: yumɓu, kwali, zare, gam, fenti, gari da gishiri.

Sai lokacin bushewa, wanda shi ne ɓarawon da ba a gani. Yumɓun da ke bushewa a iska yana bukatar kwana ɗaya zuwa uku, kuma yana tsagewa idan sama ta bushe ƙasa na jiƙe, don haka a riƙa juya shi, a ɗan rufe shi da leda a ranar farko. Kwaɓin gishiri, wato kofi biyu na fulawa, ɗaya na gishiri, da kusan ɗaya na ruwa, yana son awa biyu zuwa uku a oben mai sanyin wuta, kamar digiri 120 a ma'aunin Selsiyus. Idan wuta ta yi yawa, ko aka yi amfani da fulawa mai sinadarin kumburi, zai tashi ya shafe duk rubutun da aka danna, shi ya sa bai dace da allon Mesofotamiya ba ko da littafi ya ce ya dace. Takardar da ake mannawa sahu-sahu da ruwan fulawa tana son yini guda tsakanin kowane sahu biyu, kuma idan iska na da laima aka yi gaggawar fenti, za ta yi fumfuna daga ciki. Littafin da ya rubuta "minti 30" a kan irin wannan aiki lokacin hannu kawai ya ƙirga.

Ku duba ma'auni. Kofi a littattafan Amurka kusan mililita 240 ne, inci santimita 2.54, kuma digiri 250 nasu na Faranhait ne, daidai da kusan 120 na Selsiyus. Wanda ya murɗa oben zuwa 250 na Selsiyus gawayi zai ciro.

Ku duba hotuna. Idan duk abin da aka nuna ya yi kyau kamar na gidan tarihi, babban mutum ne ya yi shi, kuma yaronku zai karaya idan nasa ya karkace. Hoton mataki-mataki ya fi hoton ƙarshe amfani sau goma. Littafin da aka ɗinke da waya yana kwanciya a buɗe a kan tebur, wanda aka manne kuwa yana rufe kansa daidai lokacin da hannu biyu ke cikin laka.

Sannan gaskiyar bayanin. Akwai kura-kurai sanannu da za ku iya farauta cikin minti biyu. Idan an ce a yi hula mai ƙaho ta Baikin, mayaƙan arewacin Turai na dā, wannan daga kayan wasan kwaikwayo na ƙarni na 19 ya yaɗu, ba daga fagen yaƙinsu ba. Idan an ce mutanen zamanin Kolumbus sun ɗauka duniya shimfiɗaɗɗiya ce, ku tuna masanin Girka Eratostenis ya auna kewayenta da inuwa a Iskandariyya tun wajen shekara ta 240 kafin miladiyya. Idan an nuna dalar Giza da dubban bayi ana bulala ba tare da an ambaci ƙauyen ma'aikata da kaburburansu da aka tono a wurin ba, littafin tsohon bayani yake maimaitawa. Kuskure ɗaya irin wannan yana nufin akwai 'yan uwansa a shafukan da ba za ku iya ganewa ba.

Abu na ƙarshe a wannan dubawa ya shafi iyali. Littattafan tsoffin dauloli sukan ce a sassaƙa siffar abin bauta, ko a kwaikwayi wani biki na ibada, wasu mawallafan kuma suna rubuta tarihin duka daga mahangar addini ɗaya ko ƙasa ɗaya. Ku leƙa jerin babi da gabatarwa ku san wannan tun kafin yaro ya buɗe shafin ya ce shi yake so.

To wanne?

Idan yaran suna tsakanin shekara biyar da bakwai, littafin daula ɗaya mai manyan hotuna, a rage zama zuwa minti 40, a zaɓi ayyukan murzawa da dannawa, a guji na yankan ƙanana. Daga takwas zuwa sha ɗaya, nan ne littafin daula ɗaya ke biyan kuɗin sabulu sosai, ko na ƙirƙire-ƙirƙire tare da ƙaramin littafin labari. Daga sha biyu, na bincike, da aiki babba guda ɗaya da zai ci mako uku, kamar gina baka ko auna inuwar sanda da tsakar rana a lissafa kusurwa.

Idan shekarunsu a warwatse suke, kada ku sayi littafi uku na zamani uku. Ba a tauna taura biyu lokaci guda, balle uku. Ku ɗauki wanda ya dace da na tsakiya, ku raba aikin. A ginin dala da ƙwayoyin sukari, mai hawa shida irin ta Fir'auna Joser a Saƙƙara ta Misira, ƙaramin ya jera, na tsakiya ya ƙirga, babban ya lissafa tun kafin a fara cewa shida sau shida, da biyar sau biyar, har zuwa ɗaya, za su ci ƙwaya 91, kuma idan aka kai hawa goma sai an nemi 385. Bayan an gama a ɗauki hoto a rushe, domin tururuwa ba ta jiran a kammala darasi.

Maganin raunin littafin daula ɗaya da muka yi alkawari shi ne igiyar zamani. Ku samo igiya mai tsawon mita biyar, kowane santimita ɗaya ya tsaya a madadin shekara goma, duka igiyar shekara 5000, daga 3000 kafin miladiyya zuwa 2000 miladiyya. Duk aikin da aka gama a rubuta kati a maƙala a wurinsa da abin shanya, a kuma ƙara kati ɗaya daga wani yankin duniya na wannan lokaci. Babbar dalar Giza za ta faɗi kusan santimita 45 daga farkon igiya, takardar Cai Lun a 310, hajjin Mansa Musa na 1324 a 432, Gutenberg a 445. Ku auna da rula, kada ku yi kirdado, kuma ku rataye ta daidai tsawon idon ƙaramin cikinsu.